Mutala da Furosesa Mai Haƙora

Duk Nima har Mamobi, unguwannin Zango na birnin Ankara, babu wanda zai ce maka Mutala bai san rago ba. Wannan kam a ba shi. Idan Babbar Sallah ta matso, manyan motoci suka fara sauke dabbobi daga arewa, Mutala za ka hango a tsakiya da hula a karkace, yana buɗe bakin rago yana leƙa haƙora, yana matsa ƙugu, yana jan tsaki ko da ragon ya kai ɗan maraƙi. Matsalar ita ce Babbar Sallah sau ɗaya take zuwa a shekara, shi kuwa bakin Mutala ba ya hutu. Sauran watannin a majalisa yake cinye su, benci biyu da butar shayin ataya a gindin bango, yana koya wa jama'a yadda ya kamata a tuƙa jirgin sama.

Abin da ke ciyar da gidansa kuwa kowa ya sani, shi ma ya sani, faɗa ce kawai ba ya so a yi. Wata tsohuwar kwamfuta ce a ɗan shagon kwantena na matarsa Mubarika. Da ita take haɗa katin gayyata da sitikar biki, irin mai hoton ango da amarya da ake mannawa a jikin bokitai a raba wa 'yan biki. A Zango kuwa Lahadi ba ta wucewa ba ɗaurin aure. Kwamfutar ta gaji, in an buɗe hoto sai ta tsaya tana nishi, Mubarika ta je ta yi alwala ta dawo ba ta gama ba. Amma dai tana yi.

Ran wata Alhamis sai ga Hajiya Sabuwa a shagon. Ita ce shugabar ƙungiyar matan unguwa, wadda in ta ba ki aiki duk ƙungiya ta ba ki, in ta juya miki baya ko mai sayar da ƙanƙara ba za ta amsa gaisuwarki ba. 'Yarta Ruhaina za a aurar ran Lahadi. Hajiya kuma ta ce hoton ranar lalle take so a jikin sitika, wato na Juma'a, don haka Asabar kaɗai ta rage a yi aikin.

Ta zuba wa kwamfutar ido tana ta juyi a wuri ɗaya, ta ce, "Mubarika, anya wannan abin naki zai fid da ni kunya?"

"Zai fitar, Hajiya. A hankali take, amma ba ta taɓa ajiye ni a hanya ba. Abdulganiyu mai gyara ya ce in ya dawo daga Kumasi zai sauya mata furosesa da madabod, masu sauƙin kuɗi, ta dawo yarinya."

"Su waye kuma waɗannan?"

"Furosesa shi ne ƙwaƙwalwarta, ɗan ƙarfe ne kamar biskit. Madabod kuma faifan da yake zama a kai."

Ƙaddara ta sa Mutala ya shigo ɗibar sukarin ataya daidai lokacin. Ya ajiye gwangwanin, ya gyara hula.

"Rago da turke ke nan," in ji shi. "Hajiya, wannan ne za a jira Abdulganiyu a kansa? Yaron da aka raɗa wa suna a gabana? Gobe da safe zan shiga kasuwar Sakul in sayo su. Ran Asabar, kafin ki ce bisimilla sitikarki ta fito."

"Au, ka san harkar ashe?"

"Hajiya, ciniki duk ɗaya ne. Wanda bai cutu a kasuwar dabbobi ba, wane ne zai cuce shi a kasuwar waya da waya?"

Mubarika ta ji kamar ta haɗiye harshenta, amma ba ta iya ƙaryata mijinta a gaban Hajiya. Da Hajiya ta fita ta rufe ƙofa.

"Baban Nasira, don girman Allah ka bari a wuce bikin nan."

"Wato ban isa ba."

"Ban ce ba."

"Kin ce mana. Ke da akwati kuna ciyar da gida, ni ɗibar sukari ce tawa."

Ya faɗe ta da dariya, amma ta yi masa ciwo, ita ma ta gani. Tausayi ya kama ta, kuma tausayin nan shi ya kai ta ya baro. Ta kwance ɗan abin da ta jima tana tarawa don gyaran ta ba shi, ta riƙe hannunsa.

"Abu biyu kawai. Ka saye su tare a shago ɗaya. Kuma su kunna a gabanka ka gani."

"Na ji," in ji Mutala, wanda bai ji ba.

Da safe ya kwance tsofaffin kayan daga cikin kwamfutar da wuƙar yanka albasa, ya zuba a buhun shinkafa, ya tsaya majalisa ya ɗauki abokinsa Ziblim, mai dafa musu ataya. Ziblim bai san kwamfuta ba, bai kuma ce ya sani ba. Kallo ya je yi.

A cikin turoturo, motar haya, Mutala ya ba shi karatu. "Dokar ciniki guda uku ce. Kada ka sayi rago da igiya a hannun mutum ɗaya, sai ya ci ka ta biyu. Kada ka bari mai kaya ya san abin da ke aljihunka. Sannan ka duba haƙora. Komai ƙibar dabba, in haƙora sun zube, tsohuwa ce."

"Ai Maman Nasira ta ce shago ɗaya," in ji Ziblim.

"Maman Nasira ta taɓa sayen rago?"

A shagon farko suka tarar da wani saurayi mai fara'a. Da ya ji kwamfutar aikin hoto ce, sai ya ciro faifai da furosesa a haɗe cikin leda.

"Alhaji, ga daidai da kai. Ba na bana ba ne, shi ya sa kuɗinsa ya sauka, amma aikin sitika zai yi shi yana barci. Tare suke, zan kunna maka yanzu ka gani."

Mutala ya taɓa Ziblim da gwiwar hannu. "Ka ji ko? Kayan da mai shi ya fara miƙo maka, shi ne mai tari." Ya sa aka ciro furosesan, ya juya bayansa, ya ga sumul, sai 'yan ɗige-ɗige masu ruwan zinari. Ya bushe da dariya har da dafa kanta.

"Ina haƙoransa?"

"Wannan irin ba shi da su, Alhaji. A jikin faifan suke."

"Ka ji ɗan zamani! Tsohon da ko koko ba zai tauna ba, shi za ka aura min? Fito da na kirki."

Ya shiga tonon akwatin gilas da kansa har ya zaƙulo wani na wani kamfanin daban, bayansa cike da 'yan tsinkaye reras. Ya auna shi a tafin hannu, ya shafa da babban yatsa, ya ji suna sukarsa. Ransa ya yi fari ƙal, amma ya ɓata fuska ya ja tsaki, don haka sana'a ta koya masa.

"Wannan ma ramamme ne. Nawa za ka rabu da shi?"

"Alhaji, tsaya tukuna. Wane faifai za ka ɗora shi a kai?"

"Ina ruwanka?"

"Kowane furosesa da irin gidansa. In ba su dace ba, ba zai shiga ba."

"In faɗa maka, ka ce shi kaɗai ya rage a duk Ankara, ko? Yaro, kafin a haife ka nake wannan aikin."

Aka yi ta albarka da sallama har saurayin ya gaji ya sallama. Ya miƙo wani ɗan bututu ya ce man sanyaya ne, ana shafa wa furosesa kaɗan don kada ya yi zafi. Mutala ya ce igiyar ke nan, ba ya so.

"To Alhaji, in ka fita da shi ba ya dawowa."

"Ni ma ba na dawowa."

A can ƙarshen layi suka shiga shagon wata Madam da ba ta jin Hausa, Ziblim ya zama tafinta. Mutala ya wuce ƙananan faifai bai ko kalle su ba, ya nuna wani ƙato mai jajayen ƙarafa a tsaye a kusurwa.

"Ga mai ƙaho."

Ya ɗaga ɗan murfin tsakiya ya leƙa, sai ga ƙananan haƙora jere kamar na kifi. Kai, Mutala ya kusa yin kabbara.

"Tana tambaya wane furosesa gare ka," in ji Ziblim.

"Ce mata ba ni da shi."

"Yana aljihunka fa."

"Ce mata ba ni da shi, Ziblim! Ni na kawo ka ko ita?"

Mai ƙaho ya fi ƙarfin abin da ya rage masa. Mutala bai girgiza ba, ya juye buhun shinkafa a kan kanta ya ce ga ciko. Madam ta duba tsofaffin kayan, ta ga lafiyarsu lau, ta yi wuf ta tura su ƙarƙashin kanta ta ce an gama. Mutala ya fito yana baza riga.

"Ka ga yadda ta yi saurin karɓa? Ba ta san tsoho na ba ta ba."

Bayan an sauko daga Juma'a, Mubarika tana gidan Hajiya wurin lalle, Mutala ya baje kaya a ƙofar shago, don aikin gwani ba a ɓoye shi. Alu mai aski na kusa ya leƙo, mai kifi ta matso da farantinta, 'yan majalisa suka jawo benci.

Ya ɗora furosesa a gidansa. Ya zauna a sama yana lilo. Ya juya shi, ya sake juyawa. Lilo.

"Sabo ne, kunya yake ji," in ji Mutala.

"Cale, abokina, ni dai a ganina," in ji Ziblim, "wannan da haƙora, wancan da haƙora. Wa zai ciji wa?"

"Raguna biyu ke nan a turke ɗaya," in ji Alu.

"To in raguna biyu suka yi karo, me ake yi? Ɗaya ake rage wa ƙaho. Alu, ba ni abin yanke farce."

"Mutala, ka jira matarka."

"Da kake yi wa mutane aski matarka kake jira?"

Ya zauna ya bi haƙoran furosesan nan yana ƙwas, ƙwas, ƙwas, suna tsalle suna faɗawa cikin kwata. Da abin ya yi masa yawa ya tafi wurin mahauci ya goga shi a dutsen wasa wuƙa, ya dawo da shi sumul.

Ziblim ya leƙa. "Yanzu ya zama irin wanda ka ƙi da safe."

"Wancan tsufa ya zubar masa, wannan ni na cire. Akwai bambanci."

Ya sake ɗorawa. Yanzu kuma faɗi ya yi wa gidan yawa, murfi ya ƙi rufuwa. Mutala ya danna da babban yatsa, ya danna da gwiwar hannu, aka ji wani ɗan ƙaras daga ƙasa.

"Me ya karye?" in ji mai kifi.

"Ba karyewa ba ce, zama ne."

Da murfin ya ƙi, ya kwance wayar ƙarfe daga igiyar shanya, ya zagaya ta bayan faifan ya ɗaure tamau, irin ɗaurin da rago ba ya kwancewa. Sai Ziblim ya tuna masa da man sanyaya.

"Na tuna. Mai ne dai, ko ba mai ba?" Ya shiga gida ya ɗauko kwalbar man kaɗen Mubarika. "Wannan ƙuna yake warkarwa, targaɗe yake warkarwa, jariri ake shafa wa. Ɗan biskit ne zai gagare shi?"

"Yaron cewa ya yi kaɗan."

"Rowa ce irin ta 'yan kasuwa."

Ya kwaso da yatsu uku ya lafta, ya ɗora fanka a kai, ya rufe akwati, ya share hannu a wando.

Da Mubarika ta dawo da hoton amarya, ta miƙa hannu za ta kunna. Ya tare.

"Ba a yanka kafin liman. Sai Hajiya ta zo."

"Shago ɗaya ka saya?"

"Layi ɗaya."

"Sun gwada a gabanka?"

"Ni ne gwajin."

Ta tsaya tana shinshina iska. "Me ya sa shagona yake warin man kaɗe?"

"Sabon kaya haka yake wari."

Asabar da hantsi Hajiya Sabuwa ta iso da matan ƙungiya, kowacce da tarin bokitai a ka, don a manna sitika nan take. Layi ya cika. Mutala ya sha farar shadda kamar shi ne angon, ya tsaya a bakin kwantena ya yi gyaran murya.

"Jama'a, akwai masu cewa sai wanda ya je makaranta ke taɓa kwamfuta. Yau za ku ga aikin ɗan kasuwa. Hajiya, ki riƙe mayafinki, don iskar gudun abin nan tana iya ɗauke shi."

"Kunna mana, rana tana yi," in ji Hajiya.

Ya ce bisimilla ya danna. Fanka ta yi fir, ta tsaya. Allon ya yi baƙi ƙirin.

"Miƙa yake yi," in ji Mutala. Ya sake dannawa. Fir, ta tsaya.

"Baban Nasira, bari haka nan," in ji Mubarika. "Cire wutar."

Ina! Idon mata ya yi masa yawa. Ya dafe maɓallin da ƙarfi ya ƙi ɗagawa, yana zuba bayani ta kafaɗa. Wani ƙamshi ya fara tashi. Wata tsohuwa a baya ta ce wa ke toya ƙosai da man kaɗe. Mai ya fara ɗiga ta ƙasan akwati, ɗis, ɗis, a kan takalmin Mutala.

"Gumi ne," in ji shi. "Alamar ƙarfi ke—"

Tau!

Wuta ta yi tartsatsi, hayaƙi ya turnuƙe, mata suka watse, bokitai suka bi kwata suna gangarawa. Mitar wutar da shagunan layin suke tarayya a kanta ta ɗauke gaba ɗaya. Alu ya fito da injin aski a hannu, bayansa wani bawan Allah da rabin kai a aske yana tambayar wa zai biya shi mutuncinsa. Tela ta fito da ankon bikin a kafaɗa, hannu ɗaya ba a ɗinka ba.

Mutala ya fito daga cikin hayaƙi, gaban shaddarsa ya yi dabbare-dabbare da mai.

"Wutar unguwar nan ce ba ta da ƙarfi," in ji shi. "Kayan Turai ne, bai saba ba."

Mubarika ba ta kula shi ba. Ta cire wuta, ta buɗe akwatin, ta ga wayar shanya, ta ga mai, ta ga abin da ya rage. Sannan ta juya wurin Hajiya.

"Hajiya, ki yi min haƙuri kaɗan. Zan nemi wanda zai mayar min da tsofaffin kayan. A hankali suke, amma kafin Magariba kin samu sitikarki." Ta miƙa wa mijinta hannu. "Ina suke?"

Mutala ya duba sama. Ya duba ƙasa.

"Ina suke, Baban Nasira?"

"Ai ciniki ya ci su," in ji Ziblim a hankali. "Ciko ya yi da su."

Hajiya Sabuwa ta gyara mayafi. Ba ta ɗaga murya ba, wannan kuwa ya fi zagi ciwo.

"Mubarika, ba ki yi min komai ba. Amma gobe nake aurar da 'yata, ba zan raba wa mutane bokiti tsirara ba. Akwai mai yi a unguwar Kotobabi. Mata, ku kwashe."

Suka bi kwata suna tsince bokitai, suka bi bayanta ɗaya bayan ɗaya. Mubarika ta san ba bikin Ruhaina kaɗai ya tafi Kotobabi ba, har da na duk 'ya'yan ƙungiya da ba a ma sa musu rana ba. Hawaye ya zubo mata, ta share da bakin zane, ta jawo ƙofar kwantena.

"Maman Nasira, na gano matsalar," in ji Mutala ta bayan ƙofa. "Man kaɗen ne. Gauraye ne, ba na asali ba."

Aka saka sakata daga ciki.

Kafin La'asar ya sauya riga ya koma majalisa, don a ganinsa wanda ya ɓuya shi ne mai laifi. Ya zauna yana bayyana wa mutane cewa a ƙasashen da suka ci gaba sai injin ya yi hayaƙi sau ɗaya kafin ya kama aiki. Cikinsa kuwa sai ƙugi yake, don tun safe bai sa komai ba.

Can sai ga Mubarika da kanta, ɗauke da tire, da babbar langa mai murfi, da ruwan wanke hannu. Ta rusuna ta gaishe da mutanen majalisa ɗaya bayan ɗaya, ta ajiye a gabansa da ladabi.

"Ga abincin gidanmu na yau, Baban Nasira. Na gobe ma shi ne."

Ta juya ta tafi. Mutala ya dubi abokansa, hula ta koma karkace.

"Kun gani? Mace ta gari ta san darajar namiji. Ku matso, ku matso, kada ku ji kunya."

Suka wanke hannu suka kewaye langa. Ya ɗaga murfi.

Furosesa ne a tsakiya, baƙi ƙirin, kwance cikin man kaɗe, an zuba masa ɗan yaji a gefe.

Ba wanda ya yi dariya. Ziblim ya tura langar gabansa a hankali.

"Bisimilla, Mutala. Kai ka soya, kai za ka fara sa hannu."